Ƙiba da ciwon suga: a duba unguwa kafin a zargi mutum

Duk wanda aka auna a asibiti aka ce jininsa ya hau, ko suga ya yi masa yawa, ya san jawabin da ke biyo baya. A rage gishiri da dunƙule, a bar lemon kwalba, a rage maiƙo da soye-soye, a yawaita ganye da 'ya'yan itatuwa, a riƙa motsa jiki. Shawara ce mai kyau, kuma babu likitan da zai faɗi saɓaninta. Mara lafiya ya ce to, ya karɓi takardar magani, ya hau A Daidaita Sahu ya koma gida. Abin da ya tarar a unguwarsu shi ne damuwata, domin ina ganin mun daɗe muna ɗora wa mutum ɗaya laifin abin da unguwa gaba ɗaya ta haɗu ta yi masa.

A ɗauki kowace unguwa ta masu ƙaramin ƙarfi a Kano, Kurna ce ko Rijiyar Lemo, Ɗorayi ko Sheka ko Hotoro. A tsaya a bakin layi, a duba abin da magidanci zai iya saya ya ci ba tare da ya biya kuɗin mota ba. Ana sallame asuba mai shayi ya hura wuta: burodi, shayi mai kauri da madara da suga, wainar ƙwai, indomi. Kusa da shi mai ƙosai da mai fanke, kowace da kaskon manta. Rana ta yi, sai garau-garau, taliya da manja, ɗanwake a jiƙe da mai. La'asar ta masu awara ce da soyayyen dankali da doya da gurasa. Dare na masu tsire da balangu, mai shayi kuma ya dawo ya zauna har sha biyu ta wuce. Tsakanin wannan da wancan, ba za ka wuce gida biyar ba sai ka ga shago, kuma duk ƙanƙantarsa ba ya rasa biskit da alawa da kula cike da ƙanƙara da lemon roba.

Yanzu a nemi ganye. Akwai mai kayan miya da ɗan teburinsa, tumatir da tattasai da attaruhu da albasa kashi-kashi, sai alayyahu ɗauri kaɗan da zai yi yaushi kafin la'asar. Mai lemo da ayaba da kankana yana can bakin babban titi, yankan kankana ɗaya kuma ba zai riƙe cikin lebura ba, alhali da ƙarin kuɗi kaɗan zai ci abin da zai kai shi dare. Mai kwaɗon zogale ko rama, idan akwai ta, yarinya ce da faranti a ka, sai ka yi sa'a ka gamu da ita. Wanda likita ya ce ya yawaita ganye, a wannan layin aka ce ya je ya yi hakan, da kuɗin da ya samo yau, a gajiye, bayan isha'i.

Ba ƙosai ko awara nake kushewa ba. Wake da waken suya abinci ne na gina jiki, kuma matan da ke soya su marayu suke riƙewa da wannan sana'a. Matsalar ita ce idan aka haɗa layin gaba ɗaya, kusan komai fulawa ce ko farar shinkafa, an soya da man da aka maimaita har ya yi baƙi, an bi da ruwan suga. Abu ɗaya daga ciki ba ya kashe kowa. Shekara ashirin a kansa, safe da rana da dare, ita ke kai mutum layin wankin ƙoda.

Na san abin da wasu za su ce: ana fama da yunwa, wane ne yake ta ƙiba? Tambaya ce mai nauyi, musamman bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Kuma gaskiya ne cewa Binciken Lafiya da Yawan Jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma ma sun haura rabi. Amma binciken nan dai shi ne ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima ko suna da ƙiba sosai, kuma abin ya fi yawa nesa ba kusa ba a birane. Cutukan biyu suna zaune a gari ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya: uwa ta yi teɓa tana fama da gwiwa da hawan jini, ɗanta kuma bai kai tsawon sa'anninsa ba. Abinci ɗaya suke ci, mai cika ciki marar gina jiki. Tsadar rayuwa ma ba ta rage ƙiba yadda ake zato, domin abin da ake fara cirewa daga cefane shi ne kifi da ƙwai da ganye da 'ya'yan itatuwa, a bar abin da ke da auki.

Duniya ma haka take tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a doron ƙasa yana da ƙiba, kuma yawan manya masu ita ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. Ba zai yiwu a ce cikin shekara talatin 'yan Adam suka wayi gari duk sun zama makwaɗaita ba. Halin mutane bai sauya haka da sauri ba. Abin da ake ajiye musu a bakin ƙofa ne ya sauya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Kano ba garin da ya rasa abinci mai kyau ba ne. Dawanau tana nan a hanyar Katsina, cike da gero da dawa da wake da riɗi, ana lodi zuwa ƙasashen waje. 'Yan Kaba tana nan a hanyar Haɗeja da kayan gwari, 'Yan Lemo a Na'ibawa. Ruwan dam ɗin Tiga yana shayar da Kadawa da Kura da Garun Malam, inda a lokacin kaka tumatir ke ruɓewa a kwanduna don babu mai saye. Amma tsakanin 'Yan Kaba da tukunyar matar da ke Ɗorayi akwai kuɗin mota zuwa da dawowa, akwai rashin wuta da zai hana ta ajiye na kwana uku, akwai ɗan sari da dole ya ɗora asarar abin da ya lalace a kan wanda ya rage. Kayan kasuwar Singa kuwa ba su san wannan wahala ba. Katan ɗin taliya ko na lemo zai yi wata shida a shago bai ce komai ba. Motar kamfani ce ke kawo shi har lungu, wani lokaci a ba mai shago firji da laima masu tambarin kamfanin. Babu wanda ya taɓa ba mai alayyahu firji. Mai shago ba mugu ba ne, yana sayar da abin da ba zai ruɓe masa a hannu ba ne kawai.

Sai batun wuta da lokaci, wanda masu wa'azin "ku koma abincin gargajiya" ba su cika kawowa ba. Kafin gero ya zama tuwo sai an yi surfe, an wanke, an shanya, an kai inji, an tankaɗe, sannan a ɗora tukunya a yi talge a tuƙa. Wake yana cin gawayi. Taliya kuwa minti goma, indomi ko biyar ba ta kaiwa. Matar da ke lissafin gas ɗinta kilo-kilo, ko take sayen gawayi a leda, ta san abin da take yi idan ta zaɓi taliya. A ƙauye akwai kara da itace, akwai turmi, akwai 'yan'uwa mata da za a haɗu a yi aikin, akwai zogale da rama a bayan ɗaki. A ɗaki ɗaya na gidan haya babu ko ɗaya. Mafi yawan alkamar da ake niƙa fulawar nan ma daga waje ake shigo da ita, wato muna biyan dala mu sayi abin da aka cire wa dusa, mu bar geron da aka noma a Gezawa.

Akwai kuma yadda gidajenmu suke. Mata da yawa ba su ke zuwa kasuwa ba. Abin da ke shiga tukunya shi ne abin da maigida ya riƙo, ko abin da yaron da aka aika ya samo a shagon da ya fi kusa, ko abin da 'yan talla suka shigo da shi. Ke nan iyakar abincin gidan ita ce iyakar inda ƙafar yaro ɗan shekara takwas za ta kai. Shi kuma maigida, in ɗan kasuwa ne ko direba ko makanike, tun safe ya fita, karin kumallo da abincin rana duk a waje zai ci, a Kwari ko Sabon Gari ko tasha. Wannan ya yi daidai da wani bincike da aka yi a yankin Kambirij na Ingila, aka buga a 2014, kan manya fiye da 5,000. An ƙirga shagunan abincin saya-ka-tafi da ke kewaye da gidan kowa, da wurin aikinsa, da hanyar da yake bi tsakaninsu. Waɗanda irin shagunan suka fi yi wa ƙawanya sun fi cin abincin, kuma yiwuwar su yi ƙiba ta kusa ninka ta waɗanda shagunan suka yi wa ƙaranci. Unguwar mutum ta abinci ta haɗa da inda yake yini, ba inda yake kwana kaɗai ba.

Sai dai in na tsaya a nan ban yi wa mai karatu adalci ba, domin akwai hujjojin da ke ja da maganata. A 2008 majalisar birnin Los Angeles a Amurka ta hana buɗe sababbin gidajen irin wannan abinci a kudancin birnin, yankin talakawa mai mutum kusan 700,000. Da cibiyar bincike ta RAND ta duba sakamakon a 2015, sai ta ga masu nauyi fiye da ƙima a yankin sun ƙaru daga kashi 63 zuwa 75 cikin 100. Dokar ta taɓa gidajen abinci masu ginin kansu ne kawai, ta bar ƙananan shagunan lemo da kayan zaƙi suna ta ƙaruwa. A 2019 kuma wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da Hunt Allcott, suka bibiyi abin da ke faruwa idan aka buɗe babban kanti mai kayan lambu a unguwar talakawan Amurka. Mutane sun koma sabon kantin, amma abin da suka saba saye shi suka ci gaba da saye. Lissafinsu ya nuna ko da an daidaita wa talaka da mai kuɗi kayan da ke gabansu da farashinsu, kusan kashi 10 cikin 100 kawai na bambancin cin abincinsu zai gushe.

Darasin da na ɗauka a nan shi ne gini ba ya gyara ciki. Mu ma mun gani. An buɗe Ado Bayero Mall a titin Gidan Zoo a 2014 da Shoprite a ciki, akwai tuffa da inabi da kabeji a jere cikin sanyi, har kantin ya rufe a farkon 2024 tukunyar mutumin Sheka da ke maƙwabtaka da shi ba ta san an yi ba. Amma ban yarda binciken Amurka ya wanke unguwa ba. Talakan can galibi yana da mota da firji, yana sayayyar mako guda a tafiya ɗaya, don haka kantin da ke kusa ko nesa bai dame shi sosai ba. Namu da ƙafa yake, yau ya samo yau zai ci, abin da ke kusa shi ne abin da ke akwai. Sannan sabon da suka ce shi ke jan mutane, a ina aka koye shi? Yaron da ya tashi kuɗin tararsa na ƙarewa a biskit da lemon leda a ƙofar makaranta, shi ne magidancin da gobe zai ce kwaɗo ba abinci ba ne. Unguwa ce ta raini bakinsa. Abin da aka yi shekara talatin ana ginawa, kanti ɗaya ba zai rushe shi a shekara biyu ba.

Ban ce mutum ba shi da nasa alhakin ba. Addininmu ya hana ɓarna a ci da sha, kuma kowa ya san hadisin raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Akwai ma inda al'adarmu ke ƙara wa wutar fetur. Har yanzu in namiji ya ajiye tumbi sai a ce kuɗi sun zauna, in amarya ta yi ɓul-ɓul a ce mijinta ya iya kiwo, in ta rame a fara tambayar ko lafiya suke zaune. Ƙwayoyin sha-ka-fashe da ake sayar wa 'yan mata a wasu shagunan magani ba tare da takardar likita ba, su ma wani ɓangare ne na abin da unguwa ke ciyar da mutanenta, kuma wasunsu kan jawo hawan jini da suga da kansu. Duk da haka, haƙuri da kamewa suna da iyaka. Mutumin da zai ce a'a sau ashirin tsakanin tasha da ƙofar gidansa, wata rana zai ce e, kuma kamfanonin da ke kashe maƙudan kuɗi kan allunan talla sun fi kowa sanin haka.

A duba lemo kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu a yini, wato kusan giram 50 ga babban mutum, cokalin shayi 12 ke nan. Robar rabin lita ta baƙin lemon nan ita kaɗai ta kai wannan adadi. A watan Afrilu, zafin Kano ya kai digiri 40, famfo babu ruwa, fiya wata ya yi ɗumi, abin da ke da sanyi a kular mai shago shi ne lemo. Zoɓo da kunun aya da ake gudu gare su, sau da yawa an zuba musu suga da kayan ɗanɗano har sun kamo na kwalba. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kowace lita ta lemo mai suga a Dokar Kuɗi ta 2021, wato naira 5 a robar rabin lita, abin da ko canji ba a bayarwa da shi yanzu. Meziko ta sa nata a 2014, peso ɗaya a lita, kusan kashi 10 cikin 100 na farashi, kuma sayen lemo ya ragu, ya fi raguwa ma a gidajen talakawa. Ina goyon bayan a ɗaga namu, da sharaɗin a ga inda kuɗin ke tafiya. Idan za a tsauwala wa talaka abin sanyin da yake sha, to a kawo masa ruwa mai tsafta a layinsu.

Amma babban aikin ba a Abuja yake ba. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa wa ƙananan hukumomi kafa kasuwanni da kula da su, da sa ido kan shaguna da kes-kes da gidajen abinci da gidajen burodi da duk inda ake sayar wa jama'a abinci, har da allunan talla na kan hanya. Wato abin da muke magana a kai tun ɗazu, kusan dukkansa aikin ciyaman ne da kansilolinsa. A yau abin da mai tebur ya sani game da ƙaramar hukuma shi ne rasit. Mai baron lemo da mai tiren yalo su ne farkon waɗanda ake kora in an tashi gyaran titi, su ne ake kwashe wa kaya, alhali su kaɗai ke kawo ɗanyen abu cikin unguwa. A Landan tsarin birnin na 2021 ya hana buɗe sabon shagon abincin saya-ka-tafi a cikin mita 400 daga ƙofar makaranta. Mu ba hani ne ya fi dacewa da mu ba, domin masu suyar nan iyayenmu ne da ƙannenmu, kuma babu wani aikin da aka tanadar musu. Abin da ya dace da mu shi ne a sauƙaƙa wa mai ganye har ya iya gogayya da mai katan.

Hanyar kuwa ba ɓoyayya ba ce. Kowace mazaɓa a Dala da Gwale da Kumbotso da Ungogo ta samu 'yar kasuwar kayan gwari mai rumfa da ruwa, inda mace ko yaro za su isa da ƙafa, kuma a yafe wa masu sayar da ganye da 'ya'yan itatuwa kuɗin rasit. A haɗa da ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana, irin wanda ake biyan kuɗin kwando a kwana, wanda tuni yake aiki a wasu kasuwannin ƙasar nan. In asara ta ragu, farashi zai sauko da kansa. Filayen lambu da suka rage a gefen birni a daina yanka su fuloti, kuma a raba waɗanda ke bakin kogin Jakara da ruwan masana'antu da ake ban ruwa da shi. Ƙungiyoyin mata da ke surfe da niƙa su samu jari, domin garin gero da na dawa da tsakin dambu su zo shago a ƙulle a leda, a shirye, kusa da taliya. Duba-gari su koma duba kaskon suya da irin man da ke cikinsa. A ƙofar asibitoci da makarantu da tashoshi da sakatariyoyi, inda hukuma ke raba wurin zama ga masu abinci, a ware wa masu kwaɗo da fate da dambu da dafaffen wake da fura marar suga nasu gurbin. Abin kunya ne a fito daga ɗakin masu ciwon suga, abu na farko da za a gani a bakin get ya zama firjin lemo.

Masu unguwanni da limamai suna da abin yi a nan fiye da yadda suke zato. Mai unguwa ya san kowane kango da kowane fili a yankinsa, ya san wace bazawara ce ke neman sana'a. Limamin da zai yi huɗuba kan amanar jiki zai iya tambayar kwamitin masallaci me ake sayarwa a harabarsa ranar Juma'a, da me ake rabawa a buɗa-baki da walima.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Kano tana da guda 44, takwas daga ciki a ƙwaryar birni da kewayensa. Duk mai neman kansila ko ciyaman da zai zo layinmu neman ƙuri'a, bayan kwalbati da taransifoma, ya kamata ya ji tambaya kan inda zai kafa kasuwar kayan gwari a mazaɓar, da nawa zai ware mata, da ranar da za a daina korar masu baro.